Baƙar Motar Baffa

Jiya a kasuwar Lolo na ji warin tsohon tamfol, na tuna Baffa.

Shekarar 'yancin kai ya shigo da baƙar mota daga Dahome, ya lulluɓe ta da tamfol a rumfa. Duk Juma'a sai ya tayar da ita, ya saurari kukanta, ya kashe.

Matarsa, Inna, ta ce, "Malam, kai mu Bagudo mana! Kayan ado ka sayo?"

Ya shafa ƙarfen ya ce, "Hanya cin mota takai. Ranar hitarta na nan tahe."

Ranar da numfashinsa ya sarƙe muka kinkime shi zuwa cikin motar don kai shi asibiti. Ta ƙi tashi, ɓeraye sun cinye wayoyin. A kujerar baya ya cika.

Allah ya jiƙan Baffa, ya sauƙaƙa masa hanyar da ba mai iya ƙin hawanta.