Kabbut Mai Maɓallan Roba

Da masaƙar garinmu Hasahisa, inda muke aiki, ta tsaya, kowa ya kama gabansa. Ni na sayi keken ɗinki na buɗe shago a bakin kasuwa, kuma a nan ne ciwon tara kayan tsoffin sojoji ya kama ni. Wani dattijo ne ya kawo mini rigar kaki in rage wa jikansa, na juya ta na ga ɗinkin da ba a yin irinsa yanzu, sai na ɗinka wa jikan sabuwa na riƙe tsohuwar. Tun daga ranar ban warke ba. Yau a ɗakin bayan shagona akwai huluna, da ɗamarar fata, da gorunan ruwa na ƙarfe, da lambobin yabo waɗanda masu su suka manta a ƙasan akwati, duk na mutanenmu da suka shiga soja zamanin Ingilishi, lokacin yaƙi da Italiya. Matata tana kiran ɗakin barikin asu. Ba na jin haushi, don gaskiya asu ya fi ni yawan shiga.

Ba tarawar kaɗai ke yi mini daɗi ba. Kowace riga tana da tambari a kafaɗa da zane a maɓallanta, kuma idan na gwada su da hotunan da na tattara, nakan gane rundunar da mai ita ya yi aiki da inda aka kai su. Ran da na gano ɗaya, har abinci yakan fi mini ɗanɗano.

Wata shekara wani mai kawo mini ɗinki ya ce gwaggonsa, a wani ƙauyenmu da ke gabashin kogi kusa da garin Rufa'a, tana da kabbut na mahaifinta. Kabbut shi ne doguwar kwat ɗin nan ta ulu mai nauyi da sojoji ke sawa saboda sanyi, kuma ban taɓa samun ko ɗaya ba. Na rufe shago na haye.

Na tarar da ita a ƙarƙashin rumfa, tsohuwa ƙarama mai kaifin ido. Muka gaisa har gaisuwa ta ƙare, aka kawo shayi, sannan ta sa aka buɗe mini akwatin da kabbut ɗin yake ciki a ɗaki. Ɗakin da duhu-duhu, amma na ga abin da na daɗe ina nema: maɓallan tagulla sun yi kore, ga tambari a kafaɗa da rubutun Larabci, ɓera ya ci gefensa. Waya tana aljihuna, amma baƙo ba ya shiga ɗakin tsohuwa ranar farko ya hau ɗaukar hoton kayan mamaci. Na bar ta a aljihu.

“Usta,” ta ce, haka ake kiran mai sana'a a wajenmu, “an ce kai kana karanta tufafi. Ina ƙarama ya rasu. Innata kuwa ka san mutanen da, ko sunanshi ba ta faɗi, balle labarinshi. Ban san komi nashi ba sai wagga riga. In na ba ka, ka gaya min ina ya tahi?”

Na ce, “Inna, in Allah ya yarda har sunan rundunarsu zan faɗa miki.” Na cika baki, don na ga tambarin da idona.

“Kwayyis, ya yi kyau. Ka komo ran Juma'a ka ɗauka.”

Na so in ce a ba ni yanzu, amma kyauta ba a yi mata gaggawa. Na koma gida na hana matata sakat da zancen kabbut.

Ranar Juma'a tun daga ƙofar gida ƙamshin turaren wuta ya tare ni. Ta fito da shi a naɗe cikin sabon zane, tana murmushi. Na warware. An wanke shi tas, an goge, an turara. Maɓallan roba baƙaƙe masu ƙyalli sun jeru daga wuya har ƙasa. Kafaɗa kuwa wayam, sai ɗan wurin da launinsa ya fi sauran duhu.

“Inna, ina tambarin?”

“Wanga da ɓera ya ci? Haba Usta, in ba babban mutum kamarka riga da tsumma a kafaɗa? Na cire. Da rubutu a jikinshi, ba a yada rubutu cikin shara, wa ya sani ko da sunan Allah. Na ƙone shi.”

“Maɓallan fa?”

“Su ma da rubutu, kuma ba su ƙonuwa. Na aika an zuba su kogi.”

Raina ya ɓaci ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Sai dai da wa zan yi faɗa? Da uwata ce haka za ta yi, ni ma ban taɓa jefa takarda mai rubutu a bola ba. Ta girmama ni ne, ta girmama rubutu, har ta sa an je kasuwar Rufa'a an zaɓo mata maɓallan da suka fi kyau. Ga ta kuma zaune ta zuba mini ido tana jiran alkawarin da na ɗauka.

Na shimfiɗa kabbut ɗin a kan gado don in sami abin yi da hannuna. Na ce mata irin wannan ulun waɗanda aka tura duwatsun gabas, bayan garin Kasala, ake ba, inda sanyi ke shiga ƙashi. Ta gyaɗa kai. Na san wannan bai kai abin da na yi mata alkawari ba, ita ma ta sani.

Sai na juya cikinsa, halin tela. A shafin, wajen hamata, akwai doguwar yaga da aka ɗinke da zaren kaki mai kauri, irin wanda ake ba soja da allura ya gyara kayansa. Ɗinkin namiji ne, ba kyau amma da ƙarfi. Na kai shi haske na sake dubawa. Kowane ɗinkin hannu yana da gefen da yake kwantawa, wannan kuwa ya kwanta a juye.

“Inna, rundunar kam ta tafi kogi, ba zan yi miki ƙarya ba. Amma in shi ya gyara rigarsa da kansa, kamar yadda sojoji ke yi, to mahaifinki bahago ne.”

Ta ɗago hannunta na hagu daga cinyarta, ta juya shi gaba da baya kamar yau ta fara ganinsa.

“La ilaha illallahu,” ta ce a hankali. “Wanga hannu ya sha muciya. Duk ran da na kai shi akushi sai Innata ta buge shi, ta koma ɗaki ta daɗe ba ta fito ba. Ni ina cewa haushina take ji.”

Ta jawo kabbut ɗin kan ƙafafunta, ta sa yatsun hagun a kan ɗinkin tana binsa daga farko har ƙarshe, ta sake komawa.

“Usta, ka sha shayinka,” ta ce, ba ta ɗago ba. “Ka bar min wagga riga har la'asar.”