Dattijuwar da Ke Kashe Mini Ido

A ɗakin jira na asibitin ido, wata dattijuwa tana zaune tana fuskantata. Akwai allura soke a gefen gyalenta da guntun zare, yatsanta ya yi kanta. Ina jin ɗinki ne ke riƙe da gidanta.

Tana kallona. Ta rufe idon dama, ta buɗe, ta sake rufewa. Ni kuwa, da furfurata da komai, na gyara zaman hula, na tsuke tumbi.

Ta taɓa ƙanwarta. "Kin ga bawan Allahn nan? Da na hagu ina ganin hularsa da takalmansa, amma fuskar babu, sai baƙin tabo."

"Yaya, ai likita ya ce tsakiyar tantanin bayan idon ce ta taɓu, inda haske ke sauka. Gefe-gefen lafiya lau."

"To, da gefen ido ake zura zare?"

Dattijuwar ta auna ni da idon da ya rage mata, ta daɗe.

"Da wannan kam ina ganinsa sarai," ta ce. "A nan dai ban yi wata asara ba."