Ranar da Sada Ya Juya Masaƙarsa

Tun kafin zuwan Turawa, lokacin da fatake ke kora jakuna daga Birnin Kudu zuwa Gwaram, an yi wani masaƙi a Kangire mai suna Sada. A gindin tsamiya yake saƙa, ya ba hanya baya saboda rana. Duk wanda ya yi masa sannu, sai ya ajiye ƙoshiya ya waiwayo, ya amsa, ya tambayi gida da gajiya har mai gaisuwa ya ƙosa.

Da tsufa ya zo, kunnensa ya yi nauyi bai ankara ba. Wata rana matarsa Kulu ta ɗaga murya ta ce, "Malam, Hapsatu mai nono ta daina biyowa ta nan. Wai sau uku tana gaishe ka kana yi mata banza."

Washegari Sada ya tumɓuke turakun masaƙar, ya juya ta ta fuskanci hanya, ya haƙura da ranar. Ya aika aka kira Hapsatu. Tun ba ta sauke ƙwarya ba ya ce, "Lafiya lau, 'yata. Lafiya lau. Lafiya lau. To, matso kusa, ki gaya mini da ƙarfi, yaya mutanen ruga?"