Siddo Mai Rabon Mega a Bakin Kogi

Ka san mega nawa na intanet salularka ke sha tana cikin aljihu, ba ka taɓa ta ba? Ni da nake ƙirga komai, sai a wurin Siddo na sani.

Siddo ɗan Bengou ne. Ya fara jami'a, karatu ya tsaya masa, ya dawo Gaya ya buɗe shagon intanet. Wurinsa mu ɗalibai muke aika ayyukanmu. In rezo, wato sabis ɗin waya, ya ɗauke a gari, sai ya ɗauki akwatin wifi mai layin Benin ya sauka bakin kogi, inda rezon Malanville ke tsallakowa. Katin layin kuwa Kawu Garba mai kwalekwale ke sayo masa daga can.

Dokarsa ɗaya ce: kowa ya kashe salula ya sa a kwano, a aika aiki ɗaya bayan ɗaya.

Ranar da nake ba ka labari, rezo ya yi mako babu. Mu bakwai muka bi shi, mega ɗari huɗu suka rage. Na raba a kaina, na ga za su kai. Bibata ce ta ƙarshe. Kundin gama karatunta za ta tura, kuma da la'asar jami'a ke rufe karɓa. Wanda ya makara sai baɗi.

Ta fara ke nan Kawu Garba ya ɗaure kwalekwale ya hau tudu.

"Ɗana, sa mini abin nan naku in gaida 'yata."

"Kawu, a ɗan jira yarinyar nan ta gama."

"Kai! Gaisuwa ce za ta cinye muku ilimi? Wa ya kawo katin?"

Siddo ya sunkuyar da kai, ya sa masa wifi a salularsa.

Babu wanda ya tuna salular Kawu ma ta yi mako tana jira. Bidiyon suna, bidiyon biki, wa'azi, duk suka shiga sauka da kansu. Ina kallon odinatar Bibata, wato kwamfutarta: kashi sittin, saba'in da biyu, sai ta tsaya.

"Yaya Siddo, ba ya tafiya."

Ya duba. Sifiri. Kawu ya tura kwalekwale da sauri ya tafi neman kati, amma kafin ya dawo an sallame la'asar.

Bibata ba ta yi kuka ba. Ta rufe odinata, ta yi wa Siddo sannu da ƙoƙari, ta tafi. Yanzu shinkafa take auna wa mahaifiyarta a kasuwa. Siddo yana nan da kwanonsa, amma in zai wuce ta kasuwa, ba ya bi ta layin masu shinkafa.

Don Allah, ka buɗe salularka yau, ka kashe saukar bidiyo da kansa. Gobe ka ƙirga abin da ya rage maka, ka gani.