Curin Siracen Inna

Ni ce 'yar fari a ɗakinmu, kuma duk wanda ya tashi a cikin birnin Zariya ya san abin da hakan ke nufi. Inna, mahaifiyata, ba ta kiran sunana, ba ta haɗa ido da ni, in na durƙusa na gaishe ta sai ta ce "uhm" tana kallon bango. Ana yaye ni aka miƙa ni gidan kakata a Ƙofar Doka. Can na girma, can aka yi mini aure. In ta kama dole ta yi zancena, sai ta ce "waccan". Mata suna yabonta a kan haka, wai mace ce mai kunya irin ta mutanen da. Ni da aka yi kunyar a kaina, ba wanda ya taɓa tambayata yadda nake ji.

Inna tana sayar da hatsi a cikin gida, a Ƙofar Kibo. Ita ke sheƙa, ita ke bakace, ita ke awo. Da girma ya zo mata sai ƙurar hatsin ta zame mata abokiyar gaba. In damina ta sauka kuma, ɗakinta na ƙasa ya yi danshi, sai abin ya haɗu ya yi mata yawa. Atishawa ba ƙaƙƙautawa, ido ya yi ja, hanci ya toshe har sai da baki take numfashi. Likita ya ce ta bar hatsi. Ta ce to, ta dawo gida ta ɗauki faifanta. Ƙwayoyin da ya rubuta kuwa ta ce kasala suke sa ta, ta tura su ƙarƙashin gado.

A waya na ga yadda wasu mata ke haɗa wani ɗan curi da suke ajiyewa a ƙasan shawa, ruwan zafi na dukansa yana narkewa, tururin yana buɗe musu hanci. Mu ba mu da shawa, bokiti muke da shi da kwano. Sai na ce ai sirace ne aka sa masa sabuwar riga, kuma sirace tun kakanninmu muke yin sa. Na nemo garin sitaci da sodar da ake sa wa kek, da man na'a-na'a, da man bishiyar turare, da ɗan kafur kaɗan. Na farko ya yi ruwa ya ƙi kamawa. Na biyu na cika masa mai, da na jefa a ruwan zafi har hawaye ya sa ni, maigidana ya leƙo yana tambaya ko kemis na buɗe a banɗaki. A hankali na gane kansa: ruwa yayyafa shi ake yi har garin ya yi kamar danshin rairayi, a danna a farantin ƙanƙara, a bar shi a inuwa ya bushe, a rufe a kwalba kada ƙamshin ya gudu.

Ba zan ɓoye abin da nake so ba. Ina so ta samu sauƙi, wannan gaskiya ne. Amma ina kuma so, ko sau ɗaya ne a duniya, Inna ta karɓi abu daga hannuna ta yi amfani da shi.

Na shiga Keke Napep da kwalbata a jaka kamar mai kai lefe. Na tarar da ita a tsakar gida da maƙwabta, hancinta a toshe, tana magana ta ciki. Na ajiye kwalbar a gefen tabarmarta, na yi bayani ina kallon maƙwabtan, don ita ba a yi mata bayani kai tsaye. Na ce a zuba ruwan zafi a roba a banɗaki, a jefa guda, a ja ƙofa, a shaƙa kafin a yi wanka. Ba ta ko kalli kwalbar ba. Ta tura ta da bayan hannu wajen wata tsohuwa ta ce, "Hajiya, ku raba, ku da kuke da masu mura."

A gabana aka juye kwalbar. Kowa ta ƙulle nata a bakin zane. Tsohuwar ta dube ni tana murmushi ta ce, "Kin ga uwa ta gari ko? Ko allura ba za ta riƙe ba in daga gare ki ta fito." Na yi murmushi ni ma, don haka ake so. Na fito zaure na tsaya ina jin atishawarta daga ciki, raina kamar ya fashe.

Daga baya na je wajen autarmu, wadda take aure kusa da gidan. Ita kam 'yar lele ce, a cinyar Inna ta girma, sunanta ma har waƙa Inna take yi da shi. Na ba ta sabuwar kwalba na ce ta kai, ta ce ita ta haɗa.

"Haba Yaya, ƙarya fa ke nan," in ji ta.

Na ce, "Ke dai ki kai. Zunubin a kaina."

Abin kuwa ya karɓi Inna. Ba warkewa ta yi ba, amma tana fitowa daga wanka hanci a buɗe, ta ci abinci ta ji ɗanɗanonsa. Duk wadda ta shigo awo sai ta ji labarin curin Auta. Auta mai hikima, Auta mai tausayin uwa, Allah ya yi wa Auta albarka. Ina zaune a gefe ina cewa amin, hannuna yana ƙamshin na'a-na'a. Haka muka ci damina guda, ni ina haɗawa, albarka tana tafiya wani gidan.

Autar ce ta ɓata, kuma ba da mugunta ba. Ranar sunan wata jikar gidan, tsakar gida cike da mata, wata ta matsa wa Auta lamba sai ta faɗa mata yadda ake haɗawa. Ta yi ta kame-kame, har ta ce da kanwa ake yi. Da aka fara yi mata dariya sai ta ce, "Ni fa ban iya ba, Yaya ce take yi." Na ga Inna ta sunkuyar da kai kamar an kama ta da abin kunya. Mata suka ɗauki shewa, suna tsokanarta wai ashe duk wannan lokaci tururin 'yar fari take shaƙa.

Washegari aka aiko mini da kwalbar, da sauran curin a ciki. Ba saƙo, ba komai.

Kafin wani lokaci Inna ta koma gidan jiya. Na je gaishe ta na tarar tana zaune baki a buɗe, idanu sun kumbura, tsumma a hannu. Ta gwammace wannan da a ce a unguwa ta ji daɗin abin hannuna. A ranar na tsani kunya, na tsani duk bakin da ya taɓa yabonta. Na yi kwanaki ina cewa a raina ta yi ta fama, tunda haka ta zaɓa. Amma uwa ce, kuma ina jin numfashin nan nata a kunnena ko ina gidana.

Na sake kiran Auta. Na ce ta baza a unguwa cewa ta zauna na koya mata, yanzu da kanta take yi. Na bar farantin ƙanƙara, na koma curawa da hannu kamar fura, na ƙara garin kanumfari don launin ya canza, na zuba a wata roba daban. Ta kai, aka karɓa.

Bayan an kwana biyu na je gidan. Inna ta fito daga wanka da tururi a jikinta, tana numfashi sumul. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce "uhm". Ta zauna a tabarma kusa da Auta, ta jawo robar ta buɗe ta shinshina. Har yau ban sani ba ko ta gane hannuna a jikin curin nan, ko ba ta gane ba. Ta dai dafa kafaɗar Auta, ta ɗaga murya yadda maƙwabta za su ji, ta ce, "Allah ya yi miki albarka. Naki ma ya fi na waccan kyau."

Auta ta kalle ni, idonta ya ciko. Ni na riga kowa cewa amin.