Kifin Gefen Waya

Gidanmu na unguwar New Bell ɗaki uku ne, da tsakar gida da ba ta rabuwa da danshi. Mu Kiristoci ne 'yan arewa, maƙwabtanmu kusan duka Musulmi, Hausa ce ta haɗa mu. Kakata, Kaka Laraba, bandar kifi take yi. Da sassafe ta tafi kasuwar kifi ta Youpwé ta sayo, da yamma ta jera shi a kan wayar da aka shimfiɗa bisa rabin duro, ta hura wuta a ƙasa. Kifin banda ba a barinsa shi kaɗai, don haka da an ci tuwo sai mu kewaye duron. Ruwa na dukan kwano, hayaƙi na sa mu hawaye, ita kuma tana juya kifi tana ba mu labari. Ni ne mai zama a lungu da littafin makaranta a cinya.

"Mijin nan nawa," takan ce, "bebe na aura ko malami?"

Kaka tana da ƙa'ida. In ta kwashe kifi ba ta taɓa na gefen waya, haka wanda ya fashe. Da safe wata mata, Dija, ke zuwa ta kankare wayar, ta kwashe toka, abin da ta samu a kai nata ne. Mijin Dija direban babbar mota ne, ya rasu a hanyar Yaoundé, ya bar ta da yara biyu da tsohuwar uwarsa. Ta ƙi komawa garinsu saboda tsohuwar. Ba ta karɓar sadaka. An taɓa aika mata kwanon abinci, ta mayar da shi a rufe. Da kifin wayar nan take miya, ta sayar da saura.

Wata yamma Kawu Dauda, ƙanin mahaifiyata, ya dawo daga biro, wato ofis, ya tsaya a kanmu. A gabansa Kaka ta danna wani lafiyayyen kifi da babban yatsa har ya fashe, ta tura shi gefe.

"Mama, c'est du gaspillage! Wannan ai asara ce, da hannunki kike ɓata kifi. In taimako ne, gobe ni da kaina zan kai wa Dija kwalin kifi guda har gida, a daina wannan wasan."

"Zauna, mai biro," in ji Kaka. Ta dube mu. "Ta yau ba tatsuniya ba ce, daga Littafi Mai Tsarki take. Ku gyara zama."

Kaka ba ta iya karatu ba, a coci ta ji, kuma ba ta damu da sunayen mutane ba. Ta ce wata baƙuwa ce mijinta ya mutu, ta biyo surukarta zuwa ƙasar da ba tata ba. Suka iso lokacin girbi, ba su da ko ƙwaya. Matar ta fita kala, tana bin bayan masu girbi tana tsintar abin da ya faɗi. Mai gonar ya gan ta, ya tambayi labarinta, sai ya ja ma'aikatansa gefe ya ce su riƙa zaro zangarniya daga dami suna yarwa a hanyarta, kada wanda ya tsawata mata. Da yamma ta koma gida da kaya niƙi-niƙi.

Kaka ta tura itace cikin wuta. "To, mai gonar nan rumbunsa cike yake. Me ya hana shi auna mata buhu ya huta?"

Ban san lokacin da na buɗe baki ba. "Da ta ji kunya."

"Ashe beben nawa yana magana! Haka ne. In ta isa gida tsohuwa ta tambaye ta inda ta yi aiki yau, tana da amsa. Allah bai ce a cika mata hannu kawai ba, cewa ya yi a bar mata gefen gona."

"Mama, wancan hatsi ne, wannan kifi," in ji Kawu.

"Yunwar ɗaya ce. Ka kai kwalin nan, za ta gane duk abin da nake yi, ba za ta sake taka gidan nan ba. Sai ka je ka gaya wa yaranta abin da za su ci."

Da Kawu zai tashi ya ɗauki sanda, ya tura wani ƙaton kifi zuwa gefen waya, lafiyarsa ƙalau.

"Haka ai za ta gane, sarkin wayo," in ji Kaka. "Fasa shi."

Ya fasa. Da safe Dija ta zo ta kankare wayarta, ta gaishe mu kanta a sama, ta tafi da ƙullinta. Haka ta ci gaba da zuwa har yaranta suka girma.

Yanzu Ibrananci nake karanta a makarantar tauhidi. Harshen ya ba ni wuya: rubutu daga dama, wasula ɗige-ɗige a ƙarƙashin baƙi, jarrabawar farko ma faɗuwa na yi. Abokan karatu suka ce ga fassarar Faransanci nan, me ya kai ni? Na ƙi saki. Ina so in ji labarin baƙuwar nan da bakin da aka fara faɗinsa. Ranar da na iya bin surar da yatsa ni kaɗai, na tarar a cikin umurnin mai gonar har da kada a kunyata ta. Kaka ta riga ta rasu. Na rufe littafin, ina jin ƙamshin banda a hancina.

Kwanan baya matasan cocinmu suka shirya raba wa gwauraye mata shinkafa a gaban jama'a, har da mai ɗaukar hoto. Ni da ba na iya magana a taro na miƙe na ba su labarin baƙuwar da ta fita kala. Wasu sun ji haushi, maganar ba ta mutu ba tukuna. Lahadi mai zuwa zan sake miƙewa. Duk lokacin da na ga kyauta an ɗaga ta sama don kowa ya gani, muryar Kaka nake ji daga bakin duro: fasa shi, ka tura gefe.