Mutum Bakwai da Kwamfuta Ta Ce Suna Raye

Karatuna a aji huɗu na firamare ya tsaya, amma a tsohon garinmu, wanda ruwan dam ya cinye can wajen Maradun, ni ne babban ɗan boko. Da aka tashe mu, ni na rubuta sunan kowane magidanci da na mahaifinsa a wani littafi. Muka watse, ni na faɗo Talata Mafara. Duk wanda na ji rasuwarsa sai in sa "marigayi" gaban sunansa, har labari ya daina zuwa, don masu kawo shi ma sun tafi.

Tun da mai ɗakina ta rasu ba ni da wanda zan ce wa, ka tuna tsamiyar bakin rafi, ya ce ya tuna. Mutum ɗaya tak nake nema.

Ɗiyata mai aikin kwamfuta a Gusau ta zo hutun sallah. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa uwata nake ce mata. Ta kwashe littafin kaf ta zuba a kwamfuta, kowane mutum da layinsa. Ta kuma karɓo jerin manoman rani na bana wurin sakatarensu.

"Baba, umarni zan rubuta mata. Layi biyar ya isa."

"Layi biyar, uwata? Ni shafi uku na taɓa rubuta wa mutum na neman aure, kuma aka hana shi."

Ta ce da farko kwamfutar za ta zubar da duk layin da ke da marigayi. Sannan ta ɗauki kowane da ya rage ta duba shi a jerin bana. In suna ya zo ɗaya, sunan uba ya zo ɗaya, ta fito da shi. Na ce wannan ai rairaya ce, kakarki ta yi ta da gero ba lantarki. Ta danna. Kafin in gyara zama, baƙin allon ya tofo mutum bakwai.

Da ta koma na sayi goro na hau kabu-kabu zuwa Ruwan Gizo. Na yi sallama da sunan na farko. Wani mai furfura a gemu ya fito, ya durƙusa muka gaisa, muka tambayi gida da gajiya da ruwa.

"Baba, ai tsoho ya daɗe da rasuwa."

"To wa ke noman shinkafa da sunansa?"

"Ni ne. Filin da sunansa aka san shi. In an kira, ni ke amsawa. Wa zai sa hannu ya goge sunan ubansa?"

Na yi addu'a, na miƙa goron a matsayin gaisuwa. Haka a Morai, gida biyu. A Bakura, gida uku, ban ma tsaya tambaya ba, ina ganin wanda ya fito na fara da Allah ya jiƙan rai. Shida ke nan, duk suna noma a takarda.

Na kira ɗiyata na ce, "Uwata, na'urarki ba ta zuwa jana'iza."

Ta ce, "Abin da aka rubuta ta gani, Baba. Bari in nemo lambar gidan na bakwai in kira maka, kar ka ƙara shan hanya."

Na ce ta bari, ai ni ma ina da baki.

Na bakwai ɗin ɗan kawuna ne, abokin wasana, yana Maradun. Shi ne ke cewa bokona bai kai na jakinsa ba. Ban je ba tukuna. Ranar Talata motocin Maradun kan cika tasha da 'yan kasuwa. Nakan zauna a bencin mai shayi in duba masu saukowa ɗaya ɗaya, in gaisa da wanda ya gaishe ni, ba na tambayar kowa komai. In la'asar ta yi in tashi.